Fashin baƙi: yadda ake ɗaura eriyar neman hanya da ja mata waya a jirgin sama ƙirar gida

A Amurka doka ta ba mutum damar ya ƙera jirgin sama a garejin gidansa, ya yi masa rajista, ya hau abinsa ya tashi. Sharaɗin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta gindaya shi ne mafi yawan aikin, wato fiye da rabi, ya zama mai sha'awa ne ya yi shi da hannunsa don neman ilimi ko jin daɗi. Ƙungiyar masu wannan harka, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana tara su duk shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin a ƙarshen watan Yuli. Galibinsu sassa suke saye a akwati daga kamfanoni irin su Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda jiragensa samfurin RV fiye da 10,000 sun riga sun tashi. Mu ma abin ya taɓa shafarmu, domin jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da sojin saman Najeriya suka yi amfani da shi, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna, asalinsa RV-6A ne na wannan kamfani.

Mai ƙira yakan shafe shekaru yana buga ribit, yana tara kuɗin inji, yana zana yadda zai jera na'urori a gaban kujerarsa. Eriya kuwa sai a bar ta zuwa ƙarshe, a ce ai ƙaramin aiki ne, rana ɗaya ta isa. A ganina wannan jinkiri shi ne tushen yawancin matsalolin da ke biyo baya, kuma eriyar da ta fi shan wahalarsa ita ce ta rediyon neman hanya. Dalili kuwa, rediyon magana idan ya samu matsala akwai mai gaya maka: ka kira hasumiyar filin jirgi, a ce ba a jin ka sosai. Rediyon neman hanya saurare kawai yake yi, babu kowa a ɗaya ɓangaren da zai yi ƙorafi. A ƙasa, kusa da tasha, sigina tana da ƙarfin da ko guntun waya ka soka a bayan rediyon allurar da ke nuna wa matuƙi hanya za ta motsa, mai jirgi ya ce komai lafiya. Aibin sai ya jira ranar da aka yi nisa da tasha, ko aka karkata fiffike, ko aka shiga gajimare ana neman titin sauka.

Kafin a shiga batun waya, ya kamata a san abin da eriyar take kamawa. Tashar VOR, wato tashar rediyo mai nuna wa jirgi hanya, tana ƙasa, tana watsa sigina tsakanin megahaz 108 da 117.95. A cikin siginar akwai amo biyu, kowanne yana bugawa sau 30 a daƙiƙa. Ɗaya iri ɗaya ne ta kowace fuska. Ɗayan kuma yana jinkiri gwargwadon kusurwar da kake daga tashar: idan kana arewa da ita su biyun suna tafiya tare, idan kana gabas akwai tazarar digiri 90, idan kana kudu 180. Rediyon jirgi yana auna wannan tazara ne ya gaya wa matuƙi ta wace fuskar tashar yake. Tsarin sauka na ILS kuma sigina biyu ne. Lokalaiza, mai nuna ko ka kauce dama ko hagu daga tsakiyar titin, tana tsakanin 108.10 da 111.95, cikin gida ɗaya da VOR. Siginar gangara, mai nuna ko ka yi sama da yawa ko ƙasa da yawa a kan layin sauka na kimanin digiri 3, tana can tsakanin 329.15 da 335. Dukkansu biyu suna kwatanta ƙarfin amo biyu ne, mai bugun 90 da mai bugun 150. Inda suka yi daidai, nan ne tsakiyar hanya. Abin lura a nan, duka waɗannan awo ne na ɗan bambanci kaɗan. Rauni ko hayaniyar da kunne zai iya jurewa a hira ta rediyo, a nan tana iya sa allura rawa.

Wani zai ce, a zamanin GPS me ya sa za a damu da wannan tsohon tsari? FAA da kanta tana rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na tashoshin VOR. Amma ta bar sauran da gangan, a shirin da ta tsara yadda idan GPS ya ɗauke, jirgin da ke ƙafa 5,000 sama da ƙasa zai samu VOR, kuma zai samu filin da zai sauka ba tare da GPS ba a cikin mil 100 na teku. Toshe siginar GPS da ake ta fama da shi a yankin tekun Baltik da Gabas ta Tsakiya a 'yan shekarun nan ya nuna hikimar hakan. Wanda zai riƙa tashi da rana tsaka cikin yanayi mai kyau yana iya haƙura da VOR. Wanda yake da niyyar shiga gajimare, ni dai ba zan ba shi shawarar ya bar ta ba.

Abu na farko da ake yawan kuskurewa shi ne kwanciyar eriya. Igiyar rediyo tana da fuskar da take kaɗawa. Ta rediyon magana, daga megahaz 118 zuwa 136.975, a tsaye take kaɗawa, shi ya sa eriyarta take tsaye a bayan jirgi ko a cikinsa. Ta VOR da lokalaiza da siginar gangara a kwance take. Lambobin suna maƙwabtaka, 117.95 da 118, har mutum ya ga kamar eriya ɗaya za ta yi duka. Amma eriyar tsaye tana zubar da mafi yawan siginar kwance. Masu ƙaramin rediyon hannu sun san haka: da sandar robarsa a tsaye yana kama VOR kusa da tasha, da an ɗan yi nisa sai ya rasa.

Tsawo kuma lissafi ne mai sauƙi. A raba 300 da megahaz, a samu tsawon zango a mita. Tsakiyar gidan VOR wajen 113 ne, zangonsa mita 2.65. Eriyar da aka fi amfani da ita mai hannu biyu ce, kowane hannu rubu'in zango, wato kimanin santimita 66 a takarda, a aikace kuma ɗan ƙasa da haka, wajen 62 ko 63. Saboda haka ana neman wurin da abu mai faɗin fiye da mita ɗaya zai kwanta a jikin ƙaramin jirgi, nesa da ƙarfe, nesa da inji. Daga nan ne kayan da aka ƙera jirgin da su suke yanke hukunci.

A jirgin alminiyom, irin RV, ba a ɓoye eriya a cikin jiki, domin ƙarfe ba ya barin igiyar ta wuce. Tsohuwar hanya ita ce sanduna biyu masu siffar V a saman wutsiyar tsaye, waɗanda ake kira gashin bakin kyanwa. Can sama suna ganin ko'ina, sun yi nesa da farfela da hayaniyar inji, kuma har yau ban san wurin da ya fi nan kyau ba. Wasu suna sa su ƙarƙashin wutsiya don kada su ɓata wa jirgi kyan gani, sai dai a can suna kusa da ƙasa, suna shan tsakuwa da mai, ga haɗarin soke idon wanda ya sunkuya duba taya. Duk inda aka sa, sai an ƙara wa fatar jirgin faranti daga ciki ya riƙe ta, don girgiza kan tsaga alminiyom mai sirara a gefen kusoshi.

Masu RV da yawa ba sa son komai ya leƙo waje ya rage musu gudu, sai suka koma ga eriyar da Bob Archer ya tsara, wadda ake shimfiɗawa a cikin murfin bakin fiffike. Murfin na faibagilas ne, igiya tana ratsa shi. Eriyar 'yan fale-falen alminiyom ce, gindinta kuma dole ya haɗu sosai da ƙarfen fiffiken, saboda fiffiken shi ne ɗaya rabin nata. Idan fenti ko tsatsa ya shiga tsakani, an yanke mata hannu ɗaya ke nan. Umarninta ya ce wayoyin fitilun bakin fiffike su bi ta gefenta na gaba a manne, kada a bar su suna lilo a tsakiya. Mutane da dama suna ganin wannan ya saɓa wa hankali su ƙi bi, alhali waya mai lilo kusa da eriya tana canza mata saiti. Tana aiki, jirage masu yawa suna sauka da ILS da ita. Amma a san farashin: tana gefe ɗaya, kuma gangar jikin jirgin tana tare mata tashar da ke ɗaya gefen kamar yadda katanga take tare hasken fitila. Kusa da tasha ba za a lura ba. A nesa, ko a lokacin karkata, ana iya lura.

Jiragen faibagilas da soso, irin VariEze da Long-EZ da Burt Rutan ya tsara a shekarun 1970, su ne suka fi samun sauƙi kuma suka fi shiga haɗari. Jikinsu ba ya tare igiya, saboda haka ana manna siririn tef na jan ƙarfe a kan soson kafin a rufe shi da fata, hanyar da Jim Weir ya yaɗa a tsakanin masu ƙira. Eriyar magana tana hawa cikin ƙananan fuka-fukan da ke tsaye a bakin fiffike, ta neman hanya kuma tana kwanciya a cikin fiffike ko ƙaramin fiffiken gaba. Ba nauyi, ba jan iska, kuɗinta kaɗan. Hannayen sukan gaza santimita 60, domin faɗin tef ɗin da gam ɗin da ke kewaye da shi suna sa eriya ta yi kamar ta fi tsawonta. Haɗarin shi ne da zarar efoksi ya bushe, an binne ta har abada. Solda ɗaya da bai kama ba, ko tef da aka manna a wurin da ke lanƙwasa kamar ƙafar taya har ya tsage, ba a gyara shi sai an fasa fiffike. Tun ran gini tun ran zane: a auna ta kafin a rufe, a sake aunawa bayan an rufe, kuma masu dabara sukan binne ta biyu a ɗaya fiffiken su bar wayarta a naɗe. Bakunan hannayen su ne suka fi jin kusancin ƙarfe, don haka a nisanta su da sandunan sarrafa fiffike da wayoyin fitila.

Zaren kabon kuma wani abu ne daban, ko da yake a ido yana kama da faibagilas. Yana ɗaukar lantarki, yana tare igiya. Eriyar da aka binne a ƙarƙashinsa ta zama kurma. Sai dai a fitar da ita waje, ko a nemi sashen da kamfani ya bari da faibagilas zalla domin wannan bukata. Jirgin bututun ƙarfe da yadi yana tsakani: yadin ba ya hanawa, amma kejin bututun yana hargitsa eriyar da aka sa a cikinsa.

Yanzu ga wurin da eriya take haɗuwa da waya. Eriya mai hannu biyu tana son hannayenta su yi aiki daidai wa daida. Wayar da ke kai sigina rediyo kuwa ɓangarorinta biyu ba ɗaya ba ne: akwai sili a tsakiya, akwai raga da ta lulluɓe shi wadda take haɗe da bodi. Idan aka ɗaura hannu ɗaya a silin, ɗaya a ragar kai tsaye, wani kaso na siginar zai riƙa bin bayan ragar, wayar gaba ɗaya ta koma wani ɓangare na eriya. Sakamakon biyu ne: eriyar ta daina ji daidai ta kowace fuska, sannan duk hayaniyar da wayar ta ratsa a hanya ta samu ƙofar shiga. Abin da ke hana wannan shi ake kira balun. Wasu eriyoyin kasuwa suna zuwa da shi a ciki, wasu ba sa zuwa da shi, kuma a waje ba a gane bambanci, sai an karanta takardarsu. Masu tef ɗin jan ƙarfe sukan zura zobba uku na ferait a wayar dab da mahaɗar. Akwai muhawara a tsakanin masana kan ko zobba ukun sun wadatar, wasu sun fi son a yi balun da guntun wayar kanta. Abin da ba a muhawara a kai shi ne wayar ta bar eriyar a miƙe daga tsakiya, ta yi nisa kafin ta juya. Idan ta bi gefen hannu ɗaya, an ɓata daidaiton ko da balun mai kyau.

Ita kanta wayar, rediyon jirgi da eriyarsa duka an gina su a kan om 50, wato awon tirjiyar da sigina ke gamuwa da ita. Wayar dish da ta talabijin om 75 ce, ba ta da wuri a nan duk kamar da suke yi. Shekaru da dama RG-58 ake amfani da ita, kuma tana aiki, amma ragarta ɗaya ce, robarta ba ta jure zafi, tana tsufa. Yau yawancin masu ƙira RG-400 suke sa: raga biyu masu ruwan azurfa, rufin Teflon, silin tsakiya mai zare-zare da ke jure girgiza. 'Yar'uwarta RG-142 silinta ɗaya ne ƙwal, ta fi dacewa da inda ba motsi. RG-400 ta fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai idan aka duba kuɗin rediyon da za ta yi wa hidima, araha a nan ba ta ado.

Kaurin RG-400 kusan milimita 5 ne, kuma littafin ƙa'idojin gyara na FAA ya hana a lanƙwasa irin wannan waya fiye da da'irar da ta kai ninki shida na kaurinta idan an auna daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta, wato wajen santimita 3. Dalilin shi ne tazarar da ke tsakanin sili da raga ita ce take ba da om 50 ɗin. Lanƙwasa mai tsanani, ko ɗaurin roba da aka ja da filaya har ya shige cikin rufin, yana canza tazarar ba tare da an ga rauni a waje ba. Duk ramin da za ta ratsa a ƙarfe a sa masa zoben roba. Kada ta kwanta a dami ɗaya da wayar altaneta, ko ta fitila mai walƙiya, ko wayar eriyar taransifonda, na'urar da ke amsa kiran radar ƙasa, da ke harba ɗaruruwan wat a bugu ɗaya. Idan dole su haɗu, su gitta juna su wuce. A bar rara a bayan rediyo yadda za a iya jawo shi waje ba tare da an ja mahaɗi ba. A gindin fiffike kuma, inda za a so a cire fiffiken wata rana, a yarda da mahaɗi ɗaya mai kyau, amma kada a mai da wayar gutsi-gutsi.

Mahaɗan, BNC ga VOR da TNC ga yawancin GPS, nan ne aikin hannu yake nuna kansa. Ana fere wayar hawa uku bisa awon da mai mahaɗin ya bayar, a matse fil ɗin tsakiya da filayar da aka yi domin girmansa, a tura har ya zauna, sannan a matse hannun riga a kan ragar. Zare ɗaya tak na raga, siriri kamar yadda yake, idan ya lanƙwashe ya taɓa fil ɗin, ya kashe siginar baki ɗaya. Fil ɗin da bai shige sosai ba kuma zai taɓa a gareji, ya saki a sama idan sanyi da girgiza suka haɗu. A ja kowane mahaɗi da hannu da ƙarfi bayan an matse. Wanda zai fita gara ya fita a kan tebur.

Akwai wata sa'a da ke rage aiki. Ninki uku na 110 shi ne 330, kuma eriya mai hannu biyu tana amsa ninki uku na lambar da aka yanka ta dominta. Saboda haka eriyar VOR tana iya kama siginar gangara, ba sai an sa wata dabam ba. Abin da ya rage shi ne a san rediyon da aka saya. Garmin GNS 430 ƙofa biyu gare shi a baya, ɗaya ta VOR da lokalaiza, ɗaya ta gangara, don haka yana bukatar ɗan akwatin da ke tace sigina ya raba ta gida biyu. SL30 da GTN 650 ƙofa ɗaya gare su, suna rabawa a ciki. Idan aka sa musu wancan akwatin a gaba, aka ba su reshen VOR kawai, siginar gangara ba za ta taɓa isowa ba. Mai rediyo biyu a eriya ɗaya kuma sifilita yake bukata, wato akwatin da ke raba sigina biyu ya ba kowanne cikakken gidan. Kowanne zai samu rabin ƙarfi, asarar desibel 3 da ɗoriya. Da eriya mai kyau a saman wutsiya wannan ba ya damuwa, domin galibi lanƙwasar duniya ce take fara yanke sigina kafin rauni. Da eriyar bakin fiffike da doguwar waya da mahaɗai huɗu, rabin da aka zubar yana iya zama shi ne bambanci. Ƙofar sifilita da ba a amfani da ita a toshe ta da marfin om 50. Kuma kada a taɓa haɗa rediyon magana a kanta: wat 10 da yake fitarwa zai bi ta cikinta ya shiga rediyon da aka gina don jin abin da bai kai ɗigo ba.

Eriyar alamar kusantar titi ta megahaz 75 ba ta bukatar dogon bayani. Jirgi yana bi ta kan tashar ne kai tsaye, waya mai tsawon mita ɗaya a murfin fiffike ta isa, kuma ana ta cire tashoshin ma.

GPS yana da nasa sharuɗɗan. Taurarin suna nisan kilomita 20,200, siginarsu a megahaz 1575.42 tana isowa da raunin da ya fi hayaniyar sararin kanta ƙasa. Eriyar tana saman jirgi inda take ganin sama daga gefe zuwa gefe, a cikinta akwai ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi da ke samun wuta ta silin tsakiyar wayar. Ba a yi mata fenti. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne wayarta tana iya yin gajarta da yawa: Garmin ya ce ga rediyoyinsa masu WAAS, tsarin da ke ƙara wa GPS daidaito, asarar wayar ta kasance tsakanin desibel 1.5 da 6.5, don haka wanda ya sa eriyar dab da rediyo ya yanke waya taƙi biyu ya fita daga ƙa'ida. Ga kuma rediyon magana. Idan yana watsawa a 121.175, ninki 13 na wannan lamba ya faɗa kan 1575; haka ninki 12 na 131.275. Rediyon da ba ya tace abin da yake fitarwa sosai yana iya kurmantar da GPS duk lokacin da matuƙi ya danna maɓallin magana. Shi ya sa ake barin aƙalla ƙafa biyu tsakanin eriyoyin biyu, kuma ake gwaji a 121.150 da 121.175 da 121.200 da 131.250 da 131.275 da 131.300 ana kallon ƙarfin taurari a allo. Idan suka faɗi, akwai matatar da ake ɗaurawa a bayan rediyon maganar, wani lokaci kuma eriyar na'urar neman agaji ce take maido da siginar, sai an matsar da ita.

Hayaniyar cikin gida ta ƙaru a 'yan shekarun nan. Da, fulogi da altaneta ake zargi. Yau fitilun LED masu araha da cajar waya ta USB sun shiga gaba, domin ƙananan na'urorin da ke canza musu wuta suna feso hayaniya daidai gidan VOR, ga shi a RV fitilar tana zaune taƙi ɗaya daga eriyar Archer. Hanyar kama mai laifi ba wuya: a kama tasha mai rauni, a buɗe sautin haruffan Morse da take aikowa, a riƙa kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya ana saurare ana kallon allura. Farfela ma tana da nata. Mai ganye biyu da ke juyi 2,700 a minti tana gitta gaban eriya sau 90 a daƙiƙa, daidai ɗaya daga amon ILS. Littafin jagorar matuƙa na FAA ya yi gargaɗin cewa wasu juyin farfela suna iya kaɗa allurar VOR har digiri 6, kuma ɗan canza juyin yakan kwantar da ita. Wannan ƙarin dalili ne na nisanta eriya da hancin jirgi.

Gwaji yana farawa da mitar lantarki, wayar a cire ta bakin biyu: sili ya kai sili, raga ta kai raga, sili da raga kada su taɓa. Dole a cire eriyar kafin wannan awo, domin eriyoyi masu balun da yawa suna nuna wa mita kamar an haɗe sili da raga, kuma haka aka gina su. Mutane sun sha kwance aiki mai kyau saboda wannan. Sai a ɗaura na'urar auna eriya, irin NanoVNA da yanzu ba ta da tsada, a duba yawan siginar da ke dawowa baya daga 108 zuwa 118, eriyar tana mazauninta, murfi a rufe, jirgi a waje da rumfar ƙarfe. Ƙasa da 2 bisa 1 ya yi kyau, har 3 bisa 1 a bakin gidan ana iya zama da shi. Sai dai kada wannan lamba ta ruɗi kowa. Marfin om 50 da ba ya jin komai yana ba da awo mafi kyau duka, haka doguwar waya mai yawan asara tana ƙawata lambar eriya maras kyau. Na'urar ba ta san ta wace fuska eriyar take ji ba.

Wannan sai a sama. Sabon jirgin ƙirar gida yana yin lokacin gwaji, bisa al'ada awa 25 ko 40 a yankin da aka keɓe masa, kuma ya kamata eriya ta samu rabonta a ciki. Nisan da ake sa ran kama tasha, a mil na teku, kusan 1.23 ne sau tushen murabba'in tsayin jirgi a ƙafa. A ƙafa 5,000 wajen mil 87 ke nan idan ba duwatsu. A tafi mil 40 ko 50 daga tashar VOR, a yi cikakken zagaye a hankali da ɗan karkata kaɗan, a rubuta duk fuskar da jar alamar rashin sigina ta fito ko sautin Morse ya dushe. A sake yi ta ɗaya hannun, a sake yi da dukkan fitilu a kunne. A bi ILS cikin yanayi mai haske, da wani matuƙin yana duba waje idan ƙa'idar gwajin ta yarda, a ga daga wane nisa lokalaiza da gangara suka kama, kuma ko allura tana tsayawa idan an canza juyin inji ko an danna maɓallin magana. Idan aka samu fuskar da eriyar ba ta ji, a fara da abin da hannu ke kaiwa, mahaɗai da haɗin bodi da hanyar wayoyin fitila, kafin a yanke shawarar canza mata wuri. Wanda zai yi amfani da VOR a cikin gajimare kuma doka ta ɗora masa duba ta cikin kwana 30 kafin tashin: kuskuren da aka yarda da shi digiri 4 ne a wurin gwaji na ƙasa, digiri 6 a sama, kuma sai ya rubuta rana da wuri da yawan kuskuren ya sa hannu.